Fitila Ta Shida

Na zo da tef da alli da takarda.
Tun cikin motar Adum na gama zane:
fitila shida, sahu biyu,
ƙafa uku cif tsakanin kowace da 'yar'uwarta,
yadda aka koya mana a makarantar fasaha.

Inna Lantana ta karɓi takardar,
ta kai ta nesa, ta kawo ta kusa da hanci.
Ta ce, "Zuwera, madafar wa ce wannan?
Mai ita bai taɓa yanka albasa ba."

Ta ja ni gaban katakon yanka.
"Tsaya nan. Riƙe wuƙa."
Ta taka turmi da tocila a hannu,
ta hasko ni ta ƙeya,
daidai inda na ɗiga allina a rufi.
Sai ga kaina, ƙato, baƙi wuluk,
ya faɗo kan albasa ya danne yatsuna.

"Shekara talatin," in ji ta,
"ni da inuwar kaina ke dafa wa Aboabo wake da shinkafa.
Sau biyu ta ci min yatsa.
Kada ki ƙaro min wasu shida."

Na goge allin da bakin ɗankwali.

Muka sake, ita ke awo da kamu.
Uku a ƙarƙashin kanta, can bakin gaba,
kamu biyu tsakani,
don hasken wannan ya kama wutsiyar na waccan,
kada duhu ya sami wurin sa ƙafa.
Ɗaya bisa faifan da take tsince tsakuwa.
Ɗaya wajen famfo.
Kan murhu kuwa ta ce a kauce, a zo ta gefe:
tururi makantar da fitila yake yi,
ta san haka daga idonta.

Na ce, "Inna, wutar nan ƙarama ce,
sha biyu kacal, ko da jiƙaƙƙen hannu ba ta fizgar mutum.
Sai dai ba ta da dogon numfashi.
In waya ta yi nisa, ta yi siriri,
fitilar ƙarshe ja take yi, kamar idon mai zazzaɓi."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.
"Ai miya ce ke nan.
In kwano ya zaga gida, na ƙarshe ruwa yake samu.
Ki kafa tukunyar a tsakiya."

Na kafa taransifoma a tsakiya,
biyu ta dama, uku ta hagu,
da waya mai kauri wadda na yi ciniki a kanta har rana ta karkata,
batir a ƙasa, nesa da tsartuwar ruwa,
saboda daren da za a ɗauke wuta.

Saura ɗaya a hannuna.
Na nufi lungun buhun gawayi,
inda kujerarta 'yar tsugune take.
"Bar nan," ta ce.
"Inna, nan ya fi ko'ina duhu."
"Na sani. Nan nake zama
tsakanin tafasar farko da kiran assalatu.
Ido ma yana son inda zai sauke kaya."
Ta yi shiru, sannan ta ƙara:
"Kuma nan nake ajiye tsokar da ba na so ku gani."

Ƙarfe uku na dare na ji ƙyas.
Na leƙo ta taga.
Faifai a cinyarta, shinkafa fari fat,
yatsunta na tafiya ba lalube.
Ta tsamo tsakuwa, ta ɗaga ta sama,
ta daɗe tana juya ta.
Can ta ɗago ta dubi bango:
"La'ila, ashe haka hayaƙi ya yi da shi?
Zuwera! In kin tashi, nawa ne fenti?"

Ta shidan tana cikin jakata,
a kwalinta, ban ko ɓare ba.